“Ba Ni Da Abin Ɓoyewa”: Raddi Ga Maganar Da Ke Tona Asirin Zongo

 

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, tun daga majalisun Agwe-Zongo har zuwa rumfunan Asigame da na masu sayar da waya a Dekon. Da zarar an ce wa mutum ya sa wa wayarsa makulli, ko ya daina miƙa lambar sirrinsa ga duk wanda ya tarar, sai ya kaɗa kai ya ce: “Ni ba ni da abin ɓoyewa.” Yakan faɗe ta da alfahari, kamar wata shaida ce ta tsarkin zuciya. Wasu har sukan ƙara da cewa duk mai kulle waya, in ba mazinaci ba ne, to macuci ne. Wannan magana nake son yi wa raddi, domin ta saɓa wa tarbiyyar da muka gada, ta saɓa wa karatun da aka biya mana, kuma tana jawo mana asarar dukiya da ta mutunci, alhali muna tafa mata.

Mu fara da gidan Bahaushe. Me ya sa kakanninmu suka kewaye gida da katanga ko danga? Me ya sa baƙo ke tsayawa a zaure, ya yi sallama, ya jira a amsa masa? Shin matan gida ɓarayi ne da aka tsare su daga idon mai wucewa? Ko kuwa hatsin da ke cikin rumbu na sata ne da aka rufe bakinsa? Babu mai hankalin da zai ce haka. Bahaushe ya san akwai abin da ba laifi ba ne amma ba na kowa ba ne, shi ya sa addu'ar da ta fi yawa a bakinsa ita ce Allah Ya rufa asiri. Shi ne kuma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk wanda ke cewa ba shi da abin ɓoyewa, to ya cire labulen ɗakinsa, ya rushe katangar makewayinsa, sannan ya dawo mu ci gaba da muhawara.

Waɗanda suka zauna gaban malam sun san Suratun Nur, aya ta 27, ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da neman izini da sallama. Sun san Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma jera shi da mugun zato da giba. A farkon Suratu Yusuf kuwa, Annabi Yaƙubu ya gargaɗi ɗansa da kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Mafarkin Annabi Yusuf laifi ne? Alheri ne tsantsa, amma aka umarce shi da ya rufe shi saboda hassada. Wato tun asali, ɓoye abu mai kyau daga wanda bai dace ya sani ba hikima ce ta annabawa.

Amma babban kuskuren mai wannan magana shi ne zaton da yake yi cewa abin da ke cikin wayarsa nasa ne shi kaɗai. Buɗe wayarka ka duba. Akwai muryar ƙanwarka da ke aure a Maraɗi tana kuka, tana gaya maka abin da ke tsakaninta da mijinta. Akwai hoton takardar asibitin mahaifinka. Akwai lissafin bashin da ake bin abokin cinikinka, da sunayen 'yan adashi da ranar ɗaukar kowa, da hoton katin shaidar yaron da ka nema wa aiki, da saƙon Alhajin da ya ce gobe zai iso da kuɗin mota daga Yamai. Ko da kai ka yafe naka sirrin, wa ya ba ka izinin yafe nasu? Waya a yau ajiya ce, ajiya kuwa amana ce, sakaci da amana kuma ba ya zama tsarkin zuciya don an sauya masa suna.

Mu mutanen Zongo mun fi kowa cancantar gane wannan, domin da amana aka gina mu. Fataken goro da na shanu da ke gangarowa daga arewa a gidan mai gida suke sauka. Shi ke ba su masauki, shi ke tsaya musu a ciniki, shi ke riƙe musu kuɗi, shi ya san wanda ya ci riba da wanda jarinsa ya karye, kuma ba a jin komai daga bakinsa. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna cikinmu ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga shi a 1983. Da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977, aka kwaso iyayenmu zuwa nan arewacin gari, gidaje sun faɗi amma ciniki bai mutu ba, saboda jarin gaskiya yana cikin ƙirjin mutane: an san wane ba ya tona asirin baƙonsa. Yau littafin mai gida da jakarsa da akwatinsa duk sun koma cikin waya. Jikan mai gidan da ya bar wannan waya a buɗe a kan benci, ya tafi alwala, ya yi abin da kakansa ba zai taɓa yi ba.

Idan aka ƙure mai wannan ra'ayi, sai ya koma mafaka ta biyu: “Ni talaka, wa ya san da ni da zai bi ta kaina?” Amsa ita ce ɓarawon intanet ba ya zaɓen fuska, koma yake jefawa, duk kifin da ta kamo nasa ne. Ga yadda akasarin satar ke gudana, domin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna isowa zauren dattijon da nake yi wa aikin rubutu. Ɓarawo zai sa lambar wayarka a cikin WhatsApp na tasa wayar. Nan take sai a aiko maka da saƙo mai ɗauke da lambobi 6, waɗanda su ne mabuɗin asusunka. Sai ya kira ka da ladabi, ya yi sallama irin tamu, ya ce za a sa ka cikin zauren taron ƙungiya, ko jerin masu samun tallafi, ko kuma ya ce kuskure aka yi aka turo maka lambarsa, don Allah ka karanta masa. Kana karantawa, asusunka ya bar hannunka. Daga nan sai ya shiga zaurukan da kake ciki, da sunanka da hotonka, ya rubuta wa surukinka da almajiranka da abokan cinikinka cewa kana asibiti, a taimaka a tura kuɗi ta Flooz ko ta Mixx, wadda muka saba kira T-Money. Jama'a za su tura, domin sun yarda da kai. Ka ga kenan bai zo don aljihunka ba, sunanka ya zo sata, da shi zai buɗe aljihun mutum hamsin. Da ɗan gari akan ci gari.

Haka nan saƙon ƙarya da ke nuna wai kuɗi sun shigo maka, sai kira ya biyo baya ana magiya a mayar da su. Haka nan mai kira da ke cewa shi ma'aikacin kamfanin waya ne, za a rufe maka layi in ba ka faɗi lambar sirrinka ba. Ku riƙe wannan ƙa'ida: ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatar lambar sirrinka domin ya yi aikinsa, duk wanda ya tambaye ta ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Wanda kuma ke ganin leƙen asiri ta waya labarin finafinan Amurka ne, to ya san a ƙasar nan aka yi shi. A watan Agusta na 2020, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta bayyana cewa a 2019 an kai wa wasu 'yan Togo hari da manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, wanda ke cewa gwamnatoci kaɗai yake sayar wa kayansa. Cikin waɗanda aka ambata akwai babban limamin Katolika na Kpalime, Benoît Alowonou, da Fada Pierre Chanel Affognon, da 'yan siyasa Elliott Ohin da Raymond Houndjo. An bi ta wata ɓaraka ce da ke cikin kiran WhatsApp, wadda ta shafi mutum wajen 1,400 a duniya. Ko ba ka ɗaga kiran ba, manhajar na iya shiga. A 2021, binciken haɗin gwiwar 'yan jarida ya gano lambobin Togo fiye da 300 cikin jerin waɗanda mai yiwuwa ake hari. A Janairun 2024 ƙungiyar RSF mai kare 'yan jarida ta ce ta ga sawun Pegasus a wayoyin Loïc Lawson da Anani Sossou. Ku lura, malaman addini na cikin sahun farko. Idan gemun maƙwabcinka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Limaminmu da sarakunanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu su ma masu jama'a ne, wayoyinsu cike suke da asirin gidaje.

Daga nan ne ake samun ɓangare na uku, masu ilimin rabi, waɗanda suka ji labarin Pegasus suka yanke ƙauna. Su ne ke cewa: “Komai ka yi suna gani, kulle da rashin kulle duk ɗaya.” Wannan ma ɓata ce, kuma ta fi ta farko haɗari don tana sanye da rigar wayewa. Bari mu warware ta.

Tun daga 2016 saƙonnin WhatsApp suna tafiya ne a kulle daga hannun mai aikawa zuwa hannun mai karɓa. Misalinsa kamar ka sa wasiƙa cikin akwatin ƙarfe, ka datse kwaɗo, ka ba direban motar Sinkase, alhali mabuɗin yana wurin wanda za a kai wa shi kaɗai. Direba ya san wa ya aiko, ya san wa za a kai wa, ya san ranar da nauyin akwatin, amma bai san abin da aka rubuta ba. Mai wifi na unguwa da kake sayen tikitinsa, da kamfanin layi, su ma ba sa ganin abin da aka rubuta. Manhajar Signal ma haka take, ita ce ma tushen wannan dabara. Amma saƙon SMS da kiran waya na yau da kullum ba su da irin wannan kwaɗo, haka kuma hirar Telegram ta gama-gari. To me Pegasus ke yi? Ba ta fasa akwatin a hanya, tana shiga ɗakin da ake buɗe shi ne, ta tsaya bayanka tana karantawa tare da kai. Wannan na nuna kwaɗon yana aiki, don da ba ya aiki, da ba a kashe maƙudan kuɗi wajen haura katanga ba. Kuma irin wannan makami mai tsada ba a ɓata shi a kan kowa. Abin da ke cin yawancinmu ƙaramin ɓarawo ne, wanda makulli mai sauƙi ke korarsa. Wa ya taɓa barin ƙofar shagonsa a buɗe da dare don ya ji ana cewa akwai masu fasa banki?

Ko manyan hare-haren ma sau da yawa sai da taimakon mai waya suke shiga. A Oktoban 2021 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton wani mai fafutukar kare haƙƙin jama'a a nan Togo, wanda aka dinga aiko masa da saƙo ta WhatsApp ana lallashinsa ya sauke wata manhajar hira, alhali tarko ce ta kwashe abin da ke wayarsa. Bai sauke ba, ya kai wa masana suka bincika. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu cewa wannan duk ilimin Nasara ne da bai shafe mu ba, su koma tarihi. Malam Al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya wallafa risala a kan warware rubutun sirri ta hanyar ƙidaya yawan maimaituwar haruffa, kuma masana wannan fanni har yau suna lissafa ta cikin tushensa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai aika wa sarakuna wasiƙu, an gaya masa ba sa karɓar wasiƙa marar hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa yana buga hatimi da shi. Tabbatar da wanda ya aiko saƙo, da tsare saƙo daga idon da bai dace ba, gadonmu ne.

Saura mafaka ta ƙarshe, wadda ake fakewa da addini: “Allah ke tsarewa.” Haƙiƙa Allah ke tsarewa, babu mai ja. Amma wa ya fi Manzon Allah dogaro ga Allah? Duk da haka, ranar hijira ya ɓoye lokacin fitarsa, ya nufi kudu alhali Madina na arewa, ya kwana 3 a kogon Saur, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanyoyin da ba a saba bi ba. Ya keɓe Huzaifa ɗan Yaman da sirrin da bai gaya wa sauran sahabbai ba. Kuma hadisin mai raƙumi sananne ne ga kowane ɗalibi: a ɗaure tukuna, sannan a dogara. Wanda ya rubuta lambar sirrinsa a bayan waya, ko ya sa 1234, ko shekarar haihuwarsa, ya saki raƙumi ne a bakin kasuwa, don haka kada ya kira sakacinsa tawakkali.

Iyayena dattawa, da girmamawa nake faɗar wannan. Na san da yawanmu ba mu yi karatun boko ba, rubutun Faransanci da ke cikin waya yana yi mana nauyi, shi ya sa akan miƙa waya ga yaron kiyos a gaya masa lambar sirri da babbar murya, mutane na tsaye suna ji. Amma mutumin da ya haddace izu 60, ko wanda ke riƙe lissafin shanu 100 a ka ba tare da takarda ba, lambobi 4 ko 6 ba za su gagare shi ba. A bar yaro ya shigar da adadin kuɗi, kai kuma ka karɓi wayarka ka danna lambarka da hannunka. Haka nan saƙon murya: kafin ka buɗe shi a tsakiyar majalisa, tuna mai maganar kai kaɗai ya nufa. Ka kara wayar a kunne, ko ka tashi ka keɓe.

Akwai kuma ɓarnar da ba baƙo ke yi mana ba, mu ke yi wa juna. Miji na bin wayar matarsa tana barci, mata na bin ta miji yana wanka, kowa na neman abin da zai ɗaga masa hankali, alhali ayar Hujurat ba ta ware ma'aurata ba. Aboki na ɗaukar hoton hirar da aka yi da shi cikin amana ya watsa a zaure. Ana ɗaukar bidiyon majinyaci a kan gadonsa, ko gawa kafin a rufe ta, ko yarinyar da ta yi kuskure, a tura wa duniya da sunan neman addu'a ko wa'azi. Ana ɗora hoton fasfo da tikitin maniyyaci don taya murna, an sanar da ɓarayi ke nan ranar da gidansa zai zama babu mai shi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, don ita ba ta ruɓewa. Yarinyar nan za ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, bidiyon na nan yana jiran su.

Kada kuma mu manta da matsayinmu a ƙasar nan. Mu 'yan tsiraru ne, kuma kowa ya san yadda ake yi wa 'yan tsiraru kuɗin goro: mutum ɗaya ya yi, a ce 'yan Zongo ne. A watan Yunin 2022 aka sa yankin Savanes na arewa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga. A irin wannan yanayi, bidiyon masu ɗauke da makamai ko muryar da ba a san mai ita ba, da wani ya turo zauren masallaci ko na 'yan kasuwa, ba abin wasa ba ne. Dokar tsaron intanet ta Disambar 2018 ta tanadi ɗauri har na shekara 3 a kan yaɗa labarin ƙarya, kuma “turo mini aka yi” ba hujja ba ce mai ƙarfi a gaban alƙali. Tun kafin wannan doka, aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. A ɗaya gefen, dokar 29 ga Oktoba 2019 ta ba kowane mazaunin ƙasa haƙƙi a kan bayanansa na kansa. Wanda ya ce ba shi da abin ɓoyewa ya yar da haƙƙin da shari'a da doka suka haɗu suka ba shi.

To me ya kamata? Abubuwa ne da ba sa cin ko dala. Kowa ya sa wa wayarsa makulli da lambar da ba a iya hasashe. A shiga saitin WhatsApp, wurin da aka rubuta Vérification en deux étapes, a sa lambar sirri ta biyu, domin ko ɓarawo ya samu lambobi 6 na saƙo, wannan za ta tare shi. A riƙa leƙa Appareils connectés, in an ga na'urar da ba a sani ba a fitar da ita, don ta nan ake karanta hirar mutum daga nesa. In waya ta nemi a sabunta ta, a sabunta, domin ɓarakar 2019 da sabuntawa aka toshe ta. Kada a sauke manhajar da wani ya turo ta cikin hira. In za a kai waya gyara, a cire sim da katin ajiya, a tsaya a kanta in da hali. In saƙon neman kuɗi ya zo da sunan ɗan'uwa, a kira shi a ji muryarsa kafin a tura ko sefa ɗaya. Masu kula da zaurukan unguwa da na masallatai su san su ne masu gadin zaure, kada su shigar da lambar da babu wanda ya san mai ita.

Ina kira ga limamanmu su ba wannan batu huɗuba guda, ga malaman makarantun allo da na islamiyya su sa shi cikin babin amana, ga matasanmu masu ilimin kwamfuta su zauna da iyayensu su saita musu waya, ba tare da raini ba, ba kuma tare da leƙa abin da ke ciki ba. Wanda kuma har yanzu yake kan bakansa cewa shi ba shi da abin ɓoyewa, to ya sanar da mu tun da wuri, domin mu san irin maganar da za mu riƙa aika masa.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙe amanar juna, Ya zaunar da Zongo da ƙasar Togo lafiya.